Hannun Hagun Kurogi Mai Awara

Ka taɓa ganin mutumin da ya ci nasara, alƙalai uku suka ɗaga masa tuta uku, amma kafin ya haɗiye yawun bakinsa aka karɓe nasarar? Ba maguɗi ya yi ba, bai zagi kowa ba. Hannunsa na hagu ne kawai ya tashi sama, tashin da bai kai taƙi ɗaya ba. Abin da ya sami Kurogi Fusao ke nan, mai awarar garin Okuhira, kuma har yau in aka tayar da zancen a shagon aski sai almakashi ya tsaya cak.

Mu fara da ƙirga abin da mutumin nan ya mallaka, don ba shi da yawa. Shago ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa. Tukwane biyu na dafa waken suya. Mata ɗaya, Tamiko, wadda harshenta ya fi wuƙar yankan awarar kaifi. 'Ya'ya biyu da suka tafi birni. Sai gwiwoyi biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ƙara. Yanka ɗari da ashirin na awara yake fitarwa kowace safiya, kuma kafin rana ta take babu ko ɗaya a cikin ruwan da yake ajiye su.

In ka tambaye shi sana'arsa, awara zai ce maka. In ka tambayi mutanen gari, Malam za su ce. Tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya kai shi zauren katakon da ke bayan wurin bauta na gari, inda ake koyon kendo, faɗan takobin gora. A nan ya goge daɓe, a nan ya sha duka, a nan ya yi furfura. Da tsohon malaminsu ya rasu, shi aka zaunar a gurbinsa. A bangon zauren akwai jerin 'yan alluna na katako, kowane da sunan mutum ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, kuma allon Fusao ne a kan gaba. Rabin garin ta hannunsa ya bi: ɗan sanda, mai gidan mai, malaman makaranta biyu, manoman shinkafa da ba su ƙirguwa. Bai taɓa karɓar ko kofin shayi don koyarwa ba.

Karatunsa kuwa gajere ne. Sara, in ji shi, abu huɗu ne. Murya, ƙafa da takobi, waɗannan ukun tare suke sauka. Na huɗun shi ne abin da ke biyo baya, wanda suke kira zanshin, ragowar zuciya. Bayan ka sari mutum sai ka wuce, ka juyo, ka tsaya takobinka na saitin maƙogwaronsa, hankalinka na kansa, babu murna a fuska, babu murna a jiki. In ka yi murna, dokar wasan ta ba alƙalai ikon soke saran ko da sun riga sun ɗaga tuta.

"Mutum ya ba ka aron kansa ka koyi sara," haka yake gaya wa ɗalibai. "In da ƙarfe ne a hannunka, da yanzu ana wanke gawarsa. Kai kuma za ka yi tsalle? A gaban wa?"

Ba faɗa kawai yake yi ba. Akwai wata yarinya, Shizuka, da ta fi duk sa'o'inta zafin nama. Ta taɓa kayar da wata a gasar makarantu, ta ɗan yi tsalle a bayan alƙalai, babu wanda ya gani sai Malam. Washegari ya ɗora mata kwanon awara, ya sa ta a mota, ya kai ta har gidan yarinyar da ta kayar a garin da ke bayan dutse, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ba da haƙuri. Ta yi kuka tafiya da dawowa. Yau ita ce ma'aikaciyar jinya a asibitin gari, kuma ita ce kan gaba a iya takobi cikin duk waɗanda ya koyar.

To amma kowane mutum da ƙashin da ya tsaya masa a wuya. Na Fusao sunansa Hidaka Morio, mai aski. Aji ɗaya suka yi a makaranta, malami ɗaya ya koya musu takobi. Kowace kaka, bayan an girbe shinkafa, ana yin karawa a gaban wurin bauta, a matsayin godiyar gari, kuma karawar ƙarshe ta manyan gwanaye ce. Sau talatin da huɗu suka haɗu. Morio ya ci ashirin da tara, biyar aka tashi babu wanda ya taɓa wani. Yi lissafin da kanka ka ga abin da ya rage wa Fusao.

Kuma a garin babu wani mai aski.

"Mai awara, zauna sosai kada in cire maka kunne," in ji Morio yana wasa aska. "Kan nan naka na fi ka saninsa. Duk wata ina aske shi, duk shekara ina sare shi."

"Yi askinka, tsohon banza. Bana za ka gani."

"Bara ma haka ka ce. Takobinka ya ɗauko halin awararka, laushi."

"Awarar da kake aiko matarka saye kullum?"

"Saboda haƙora ne. Likita ya hana ni abu mai tauri."

Fusao yakan yi dariya, dariya ta gaskiya. In ɗalibai suka tambaye shi ko abin ba ya damunsa, sai ya ce wanda ya sare ka ya nuna maka ƙofar da ka bari a buɗe, godiya ya kamata ka yi masa. Kuma kowace shekara yakan sunkuya wa Morio ya ce na gode, a gaban jama'a. Ya yarda da abin da yake faɗa. Wannan ka riƙe shi, don shi ne tushen labarin: mutumin nan ya yarda har cikin ransa cewa ba ya son nasara.

A shekarar da ya cika sittin da shida likita ya duba gwiwar mai ƙara, ya ce bayan girbi za a yi mata aiki, kuma daga nan babu sauran karawa.

"Baban yara, gwiwar nan ta daɗe da gama magana, kai ne kurma," in ji Tamiko. "Bar wa mai aski filin nan. Ka je ka zauna a inuwa kamar sauran tsofaffi."

"Na bana kawai."

"Na bana kawai! In ka faɗi a can, kada a kira ni. Ina da wake a jiƙe."

Amma ranar karawar ita ce a sahun gaba, da jakar ƙanƙara a cinya.

Garin ya cika, don kowa ya ji cewa wannan ce ta ƙarshe. Aka ɗaura wa Fusao jan ƙyalle a baya, Morio fari. Alƙalai uku, kowane da jar tuta a hannu ɗaya, fara a ɗayan, kuma babbar alƙaliya ita ce Shizuka. Babu wanda ya ga aibu a haka, don in aka ce sai wanda Malam bai koyar ba, to ba za a sami alƙali a Okuhira ba.

Suka sunkuya wa juna, suka miƙe, aka ba da murya.

Dabarar Morio ɗaya ce tun suna samari. Yakan jira Fusao ya ɗaga takobi, sai ya sare masa wuyan hannu. Fusao ya san da haka, kuma duk shekara yakan zo da sabuwar dabarar kauce mata, duk shekara ta ci shi. A ranar nan gwiwa ba ta bar shi ya yi dabara ba. Tsayawa kawai ya yi. Bakin takobi na taɓa bakin takobi, lokaci na ta ƙurewa, jama'a har sun fara cewa canjaras na shida ke nan. Sai Morio ya ja numfashi, bakin takobinsa ya ɗan sunkuya. Fusao bai san lokacin da ya kai masa sara ba. Murya, ƙafa da takobi suka sauka tare a tsakiyar kwalkwalin mai aski, da ƙara irin ta gorar da ta fashe a wuta.

Jar tuta ɗaya, biyu, uku.

Ya wuce, ya juyo. A nan ne hannunsa na hagu ya saki ƙotar takobin, ya dunƙule, ya tashi zuwa ƙirji, ya girgiza. Mai gidan mai ya ce sau biyu ya girgiza. Sau ɗaya ne.

Tafin da aka fara ya mutu a tsakanin tafukan mutane. Tamiko ta saki jakar ƙanƙara. Shi kuwa Fusao, ta cikin ƙarafan kwalkwalinsa, hannun yake kallo kamar wani ne ya miƙo shi daga bayansa. Wannan hannun da ke matse awara, da ke gyara tsayuwar ɗalibai, da ya ɗora wa Shizuka kwanon nan ranar zuwa bayan dutse. Yaushe ya koyi wannan? Wa ya aike shi?

Shizuka ta ɗaga tutocinta biyu a hannu ɗaya, alamar alƙalai su haɗu. Daga baya aka ji abin da aka faɗa a tsakiyar filin. Tsohon ɗan sandan da ke alƙali na biyu ya ce, a hankali, shi rana ta shige masa ido, bai ga komai ba. Na ukun ya ce wataƙila safar hannun ce ta zame wa Malam.

"Ni na gani," in ji Shizuka. "Malam ma ya gani."

Ta koma wurinta. Ta ɗaga jar tuta, ta sauke ta, ta kaɗa tutocin biyu a ƙasa. Muryarta ta tsage da ta ce an soke saran, amma ta kai har bayan fili.

"Wayyo!" in ji wata tsohuwa. Wani ya ce, "Kai, yarinyar nan!"

Kuma ba a tashi ba, don soke sara ba ya kawo ƙarshen karawa. Dole Fusao ya koma tsakiya ya sake riƙe takobi da hannun nan. Aka ba da murya. Ya ɗaga takobi kamar mai mafarki, Morio ya sare masa wuyan hannu, farar tuta uku. Talatin ke nan. Suka sunkuya wa juna, kuma a karo na farko babu wanda ya ji na gode daga bakin kowa.

Washegari awara ta fito yanka ɗari da ashirin kamar kullum, sai dai Tamiko ce a gaban shago. Da hantsi Fusao ya ɗingisa zuwa zauren lokacin da babu kowa, ya cire allon sunansa daga kan gaba, ya sa a riga, ya dawo ya tura shi ƙarƙashin kantar shago. Ranar horo ɗalibai suka zo, suka jeru a durƙushe suna fuskantar wurin zaman malami, babu malami. Mako ya zagayo, haka. Wasu iyaye suka fara cewa in zauren ya mutu, su kai yara wasan ƙwallo.

Ba soke saran ne ya hana shi barci ba. Hukuncin daidai ne, shi ya koyar da shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne duk na goden da ya yi wa Morio a gaban jama'a, ashe akwai wani abu a tsugune a ƙarƙashinta yana jiran rana. To da wane baki zai sake ce wa ɗan wani kada ya yi murna?

Tamiko ce ta tsinci allon tana shara.

"Wannan fa? In hura wuta da shi?"

"Hura."

"Ba na hurawa, hayaƙinsa zai ɓata mini awara. Kai ka ɓuya a bayan tukunya kana lallashin kanka, ka san abin da ake yi wa yarinyar nan? Butulu ake ce mata. Jiya a kasuwa mai kifi ya yi kamar bai ji ta ba. Tsofaffi a asibiti suna cewa a kira musu wata ta yi musu allura. Kai ka yi laifin, ita ke shan dukan."

Fusao ya ci gaba da tace madarar wake, amma hannunsa ya rage sauri.

Ana cikin haka sai ga Morio da kansa, da farar rigar aski a jikinsa, ya ɗaga labulen shago ya wuce har wurin tukwane ba tare da neman izini ba.

"Ina gawar take? An ce mai awara ya mutu, na zo gaisuwa."

"Ka zo dariya ne, yi ka tafi."

"Dariya? Ni ka cuta, kai!" Morio ya buga ƙirji. "Tun muna da gashi baƙi nake jiran ka kawo mini saran nan. Kana tsammanin daɗi nake ji ina sarar wuyan hannunka duk shekara kamar mai yankan albasa? Ranar nan ka kawo shi. Har ƙafafuna na ji shi. Ban ga tahowarka ba, na rantse. Kalmar na gode na bakina, tana nan a kan harshe, na juyo in ba ka, sai na ga kana nuna mini dunƙulen hannu kamar ɗan tasha."

"Ban san ya tashi ba, Morio."

"To da ka sani ai da bai tashi ba, sakarai."

"Shekara nawa ina gaya wa yara..."

"Kana gaya wa yara abin da ba a taɓa gwada ka a kansa ba. Wanda bai taɓa ci ba, ina ya san ko yana da murna? Ni na sani, don ni nake ci. Duk shekara sai na danne nawa hannun, har yau yana ƙaiƙayi. Kai sau ɗaya aka gwada ka, ka faɗi, shi ne za ka rufe zaure? Ni kuma in yi yaya da na goden nan? Ta tsaya mini a maƙogwaro, ko shinkafa ba ta wucewa."

"Sai ka ci awara," in ji Tamiko daga gaban shago. "Tana da laushi."

Ranar horo ta gaba, da yamma, ɗalibai suna jere a durƙushe, manya da yara, har da Morio. Shizuka na kan gaban layinsu, don ta ƙi zama a wurin malami. Ƙofa ta buɗe. Fusao ya shigo da kayan horo, ya sunkuya wa zauren, ya nufi bango. Kowa ya saki numfashi, an ɗauka zai mayar da allonsa inda yake. Sai ya wuce gurbin farko. Ya wuce na ɗan sanda, na malaman makaranta, na 'yan sakandare. Alluna arba'in ne a bangon. Ya rataye nasa na arba'in da ɗaya, ƙarƙashin sunan wanda ya shigo watan jiya. Sannan ya je ƙarshen layi, bakin ƙofa, inda iska ke shigowa, ya lanƙwasa gwiwar mai ƙara ya durƙusa.



"Malam," in ji Shizuka, "don girmanku, ku tashi daga nan."

"Wurin malami ga shi can, babu kowa. Mu ɗalibai muna jira."

"Ba zan iya ba."

"Kin iya wanda ya fi shi wuya." Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sauke goshinsa har daɓe. "Malama, na gode da hukunci."

Tsohon ɗan sandan nan ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Shizuka ta miƙe, ta taka zuwa wurin malami, ta juyo ta durƙusa tana fuskantar layin. Ta share ido da bayan hannu, kuma da ta buɗe baki, murya ce irin wadda ta soke sara.

"Kurogi! Hidaka! Ku sa kwalkwali. Sabon ɗalibi zai nuna mana sara, har da abu na huɗu."

Ba karawa ba ce, babu tuta, babu alƙali. Morio ya tsaya a tsakiya, ya kawar da takobinsa gefe, ya buɗe kansa, kamar yadda babba ke yi wa mai koyo. Fusao ya ja numfashi, ya tafi. Saran bai kai na ranar nan ba, gwiwa ta ci rabinsa. Ya wuce, ya juyo, ya tsaya, bakin takobi a saitin maƙogwaron mai aski. Ya ji abin nan yana motsi a hannun hagu, yana neman hanya. Wannan karon ya san da shi. Ya matse ƙota da ƙaramin yatsa, ya bar idonsa a kan Morio, har numfashinsa ya kwanta. Hannun bai tashi ba.

Morio ya sunkuya, sunkuyawa mai zurfi.

"Na gode," in ji shi daga cikin kwalkwali. Sai ya ƙara, yadda kowa zai ji, "Ta ranar nan ce, ba ta yau ba. Na yau awara ne."

An yi wa gwiwar aiki, ta daina ƙara, ta kuma daina karawa. Lissafinsu da mai aski ya tsaya inda ya tsaya: talatin, biyar, babu. Zauren bai mutu ba, Shizuka ke koyarwa, mai kifi ya dawo da gaisuwa. Fusao na zuwa kowace ranar horo, shi ke fara goge daɓe, kuma duk lokacin da aka rataye sabon suna sai ya cire nasa ya mayar ƙarƙashinsa. In sabon shiga ya tambaye shi wane ne ya taɓa karya dokar murna a garin nan, yakan ɗaga hannun hagu ya nuna masa.

Kai ma gwada, ba sai da takobi ba. Ranar da ka kayar da wani a gardama, ko a ciniki, ko a wasa, musamman wanda ya daɗe yana kayar da kai, kada ka ce komai. Tsaya kana fuskantarsa, ja numfashi uku, ka lura da abin da hannunka ke shirin yi.